Yaushe aka fara buga gem da jama'a ta intanet, kuma me ya bunƙasa shi haka?

Mai Gidan Gem ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da ɗan shago a unguwarmu inda matasa ke zuwa buga ƙwallo a PlayStation, kuma na kwana biyu a wannan sana'ar. Jarina bai wuce talabijin uku da benci biyu da ƙaramin janareta ba. Yadda na saba ganin abin shi ne mutum biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa riƙe da hannun wasansa, sauran kuma su yi cirko-cirko a bayansu suna jiran wanda za a ci ya tashi ya ba su wuri. Wanda ya yi nasara yana kallon fuskar wanda ya doke, kuma idan gardama ta tashi, a nan take ake kashe ta.

Cikin 'yan shekarun nan sai na lura abin ya sauya. Yaran da a da suke rububin hannun wasa, yanzu sukan shigo ne su biya kuɗin cajin waya kawai, su zauna a benci su toshe kunnuwansu da abin sauraro, suna buga Free Fire ko PUBG da mutanen da ba su taɓa gani ba. Rannan na ji ɗaya daga cikinsu yana haɗa ɗan Larabcinsa na Islamiyya da Turanci yana ba wani umarni, da na tambaye shi ya ce abokin tawagarsa ne da ke Masar, kuma sun fi wata shida suna wasa tare kusan kullum bayan isha'i.

Ina roƙon masu sani su faɗa mini yaushe aka fara wannan irin wasa, domin ni a zatona tare da wayar Android ya zo. Ina kuma so in san wa ke biyan kuɗinsa, tunda yaran kyauta suke sauke shi alhali ni kowane faifan ƙwallo sai na saya. Sannan akwai wani ƙorafi da nake ji kullum a bakinsu, wai su suka fara harbi amma su aka kashe, ko sun riga sun shige bayan bango harsashi ya same su. Shin uzuri ne irin na wanda aka ci, ko kuwa akwai gaskiya a ciki?

Tsohon Mai Kafe ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta farko zan ɗauka, domin na riƙe kafe na intanet a farkon shekarun 2000, kuma tun lokacin nake bin wannan labari. Abin ya girme wa wayar Android nesa ba kusa ba, ya ma girme wa intanet ɗin da muka sani, kuma a jami'o'i aka haife shi, a kan kwamfutocin da aka saya don karatu da bincike.

A 1962 wasu masu sha'awar kwamfuta a cibiyar MIT ta Amurka, da Steve Russell a kan gaba, suka rubuta Spacewar!, wasan kumbo biyu da ke harbin juna a sararin samaniya. Mutum biyu ke bugawa, amma a gaban na'ura ɗaya, wato kamar yadda ake yi a shagonka. Abin da ya fara raba 'yan wasa da zama wuri ɗaya shi ne wani tsarin koyarwa mai suna PLATO na Jami'ar Illinois, wanda ya haɗa ɗaruruwan allunan kallo da madannai a makarantu daban-daban da babbar kwamfuta ta layin tarho. Don darasi aka gina shi, amma ɗalibai suka rubuta wasanni a kansa, irin su Empire na 1973, inda mutanen da ke garuruwa daban-daban ke rabuwa tawaga-tawaga suna yaƙar juna a fili ɗaya.

Sai dai ni a ganina, ainihin kakan abin da yaranka ke yi a Ingila yake. A 1978 wani ɗalibin Jami'ar Essex, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wasan da ya kira MUD, daga baya abokin karatunsa Richard Bartle ya karɓa ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce za ta rubuto maka siffar wurin da kake tsaye da abin da ke gabas da yamma, kai kuma ka rubuta mata inda za ka nufa ko abin da za ka ɗauka. Abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne, idan ka shiga wani ɗaki za ka iya tarar da wani ɗan Adam a ciki, ku gaisa, ku yi ciniki, ku haɗa kai ko ya kashe ka ya kwashe kayanka, kuma idan ka tashi ka tafi, sauran suna nan suna ci gaba ba tare da kai ba. Saboda kwamfutar ta jami'a ce kuma ana aiki da ita da rana, waɗanda ke waje sai cikin tsakar dare zuwa asuba ake buɗe musu, amma duk da haka mutane suka riƙa hana idonsu barci don su sami shiga. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kyan hoto ne ke jan mutane ba, sanin cewa akwai wani a ɗaya gefen ne.

Da 'yan kasuwa suka gane haka sai suka shigo. Kamfanonin da ke haɗa kwamfutocin gida ta layin tarho a Amurka suka fara sayar da wasa da awa, kamar yadda muke sayar da lokaci a kafe. CompuServe ta kawo Island of Kesmai a 1985, Lucasfilm ta gwada Habitat a 1986 inda kowane ɗan wasa ke da ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarsa a allo, sannan AOL ta riƙe Neverwinter Nights daga 1991 zuwa 1997. Duk da haka abin bai wuce hannun 'yan tsiraru ba, domin kowace awa daloli ce, kuma muddin kana wasa, tarhon gidanku a toshe yake.

Wasan harbi irin wanda kake gani a wayoyin yaran ya samo asali ne daga Doom, wanda id Software ta fitar a Disambar 1993. Mutum huɗu ne ke iya haɗa kwamfutocinsu da waya a ofis ɗaya su farauci juna, kuma abin ya kama mutane har wasu kamfanoni da jami'o'i suka hana buga shi a lokacin aiki saboda yadda yake cunkushe musu layi. Mu ma a kafe irin wannan muka yi. Intanet ɗinmu ta tauraron ɗan Adam take zuwa, buɗe saƙon Yahoo ma sai an yi haƙuri, don haka babu maganar wasa da mutanen waje. Abin da muka yi shi ne muka sa Counter-Strike a kan kwamfutoci takwas da ke jere a shagon, wasan da matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙera a 1999 ta hanyar yi wa wani wasa mai suna Half-Life kwaskwarima. Idan masu kwanan kafe suka gama cike fom ɗinsu, sai a raba huɗu da huɗu, mutum yana harbin wanda ke zaune a kujerar da ke bayansa, ihu kuwa har sai mai gadin layin ya leƙo.

Bazazzagiya ta rubuta:

Allah ya saka wa Malam Mai Kafe da alheri, bayaninsa ya gamsar. Inda nake so in ɗan saɓa masa shi ne, idan aka tsaya a Amurka da Ingila za a san inda abin ya tsiro, amma ba za a gane dalilin da ya sa yaran shagon Malam ke samunsa kyauta ba. Amsar wannan a Koriya ta Kudu take.

Kafin in je can, ya kamata a san cewa bayan biya da awa an koma biya da wata. Ultima Online ta 1997 da EverQuest ta 1999 sun riƙa karɓar kimanin dala 10 a wata, mutum ya shiga duk sa'ad da ya ga dama, tare da dubban mutane a duniya ɗaya. World of Warcraft da Blizzard ta fitar a Nuwambar 2004 ita ta kai wannan tsari ƙololuwa, domin a 2010 masu biyan kuɗinta sun kai miliyan 12, kuma a Amurka kusan dala 15 ake biya duk wata. A ɓangaren na'urorin wasa na gida ma haka ne, tunda Microsoft ta buɗe Xbox Live a Nuwambar 2002 tana karɓar kuɗin shekara, kuma Halo 2 na 2004 ya sa dubban gidaje suka jona na'urarsu da intanet.

Akwai wani abu da ya faru a World of Warcraft a Satumbar 2005 da ke ƙarfafa maganar Malam Mai Kafe cewa mutane ne abin kallo a irin wannan wasa. Waɗanda suka ƙera wasan sun ƙirƙiri wata cuta da wani dodo ke sa wa waɗanda suka je yaƙarsa, da nufin ta tsaya a kogonsa, amma saboda kuskure a rubutun manhajar sai dabbobin rakiyar 'yan wasa suka fito da ita cikin birane. Nan da nan tituna suka cika da gawarwakin mutum-mutumin 'yan wasa. Wasu suka tsaya suna yi wa marasa ƙarfi magani, wasu suka gudu daji, wasu suka tsaya a ƙofar gari suna gargaɗin masu shigowa, wasu kuma suka riƙa yaɗa cutar da gangan. Babu wanda ya tsara musu yin haka, kuma har masana cututtuka masu yaɗuwa sun yi rubutu a kan lamarin a 2007.

To, a Koriya ta Kudu abubuwa da dama ne suka haɗu lokaci guda. Rikicin kuɗi da ya faɗa wa ƙasashen Asiya a 1997 ya raba mutane da yawa da aikinsu, wasu daga ciki suka zuba ɗan abin da ya rage musu a shagunan kwamfuta da ake kira PC bang, wato ɗakin kwamfuta, inda ake biyan kuɗi kaɗan a zauna awa guda. A daidai lokacin gwamnati na tura intanet mai sauri cikin gidaje da unguwanni, ga kuma matasa marasa aikin yi da ke neman wurin zama. Sai StarCraft ya fito a 1998, tare da Lineage na kamfanin NCSoft na cikin gida. StarCraft ya zama kamar yadda ƙwallon Turai take a wurinmu, har aka buɗe tashoshin talabijin da ke nuna gasarsa, manyan kamfanoni suka ɗauki 'yan wasa da albashi, a 2000 kuma aka kafa hukumar KeSPA don kula da harkar. Ɗan wasa irin Lim Yo-hwan ya yi sunan da mawaƙa da 'yan fim ke yi.

Kamfanonin Koriya, musamman Nexon mai MapleStory na 2003, su suka yaɗa dabarar buɗe ƙofa kyauta a sayar da kaya a ciki. Lissafin mai sauƙi ne idan aka duba shi da idon ɗan kasuwa. Wasan jama'a ba ya daɗi sai da jama'a, kuma filin PUBG na ɗaukar har mutum 100 a zagaye ɗaya, don haka duk wanda ya shigo kyauta ya riga ya yi wa kamfani aiki, tunda shi ne abokin karawar wanda zai biya. Daga cikin taron, 'yan kaɗan ne ke sayen riga ko fentin bindiga ko tikitin kakar wasa, wasu ƙalilan daga cikinsu kuma suna kashe kuɗi masu yawan gaske, kuma su ke ɗauke da nauyin kowa. League of Legends na 2009 da Fortnite na 2017 a kan wannan tsari suka tsaya. Saboda haka, Malam Mai Gidan Gem, yaranka ba sadaka ake ba su ba, su ne cikar kasuwar.

Game da waya kuwa, zatonka bai yi nisa da gaskiya ba, domin ita ce ta kawo abin ƙofar gidanmu. PUBG ya fito a kwamfuta a 2017, na waya ya biyo baya a Maris 2018, Call of Duty na waya kuma a Oktoban 2019. Free Fire na Garena, wanda ya fito a ƙarshen 2017, an gina shi ne da ƙananan wayoyi a rai, shi ya sa ya rage 'yan wasa zuwa 50 kuma zagaye ɗaya ke ƙarewa cikin kimanin minti goma. Wannan ne ya ba shi karɓuwa a Brazil da Indonesiya, kuma dalilin ke nan da ya sa kake ganinsa a bencinka.

Mai Gidan Gem ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Maganar PC bang ta taɓa ni, domin ashe sana'ata ce wasu suka yi har ta kai su talabijin. Na kuma gane yanzu abin da ya sa wani yaro ya taɓa roƙona in tura masa kuɗi ta asusuna ya sayi abin da ya kira dayamon, wato kuɗin sayen kaya a cikin wasan, ya ba ni tsabar kuɗin a hannu. Saura maganar harbin, wadda ita ce ta fi damuna, saboda ina tunanin sa intanet a shagon in haɗa na'urorina da ita, kuma ba na so in kashe kuɗi yara su zo su ce layin ba ya da kyau.

Injiniyan Sadarwa ya rubuta:

Malam, yaranka gaskiya suke faɗa, kuma matsalar da suke kuka da ita ita ce matsalar da masu ƙera waɗannan wasanni suka fi shekara talatin suna fama da ita.

Wasan ba a cikin wayar yaron yake gudana ba. Akwai wata babbar kwamfuta da ake kira saba, ita ke riƙe da gaskiyar inda kowa yake da wanda ya harbi wa. Idan yaro ya danna harbi, saƙo ne ke tashi daga wayarsa zuwa sabar, ita ta yanke hukunci, sannan ta aiko wa kowa sakamako. Lokacin da wannan zuwa da dawowa ke ɗauka shi ne lambar da suke kira ping, wadda suke gani a gefen allo, kuma da milisakan ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, ma'ana kilomita 200 a kowace milisakan. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku tsakanin Legas da Fotugal ta kai kimanin kilomita 7,000, don haka zuwa da dawowa a kanta kaɗai milisakan 70 ne, ko da babu cunkoso ko kaɗan. Ka ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, da ta Fotugal zuwa inda sabar take, a ce Jamus, da jinkirin da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis, za ka ga an haura 100 cikin sauƙi, alhali wanda ke zaune kusa da sabar bai fi 20 ba. Babu kuɗin da zai sa haske ya ƙara sauri. Abin da ya hana su Malam Mai Kafe wasa da waje ma ke nan, domin tauraron da suke amfani da shi yana nisan kusan kilomita 36,000 a sama, saƙo kuma sai ya hau ya sauka a zuwa, ya sake hawa ya sauka a dawowa, abin da ke cin kusan rabin daƙiƙa ko fiye.

A zamanin Doom kowace kwamfuta sai ta jira saƙon sauran kafin a matsa gaba, don haka mai layi mafi rauni shi ke riƙe kowa. Quake na 1996 ya koma tsarin saba, amma mai amfani da layin tarho idan ya danna tafiya sai ya jira amsa ta dawo kafin ya ga ƙafarsa ta motsa. A ƙarshen wannan shekara John Carmack na id Software ya fitar da QuakeWorld da wata dabara, wato na'urar ɗan wasa ta nuna masa motsinsa nan take bisa hasashen cewa sabar za ta amince, idan kuma amsa ta zo da saɓani sai a gyara. Wannan gyaran ne yara ke gani idan mutum yana gudu sai a fizgo shi baya, abin da suke kira lag. Daga baya aka ƙara wata dabarar, wadda kamfanin Valve ya yi fice da ita, inda sabar ke komawa baya kaɗan ta duba abin da mai harbi yake gani a allonsa a lokacin da ya danna, idan ya saita daidai a wurinsa sai ta ba shi.

Daga nan ne ƙorafin yaranka ya fito. Yaro a allonsa ya riga ya shige bayan bango, amma labarin shigewar tasa bai isa ga abokin karawarsa ba tukuna, shi a wurinsa har yanzu yaron a fili yake, ya harba kuma sabar ta tabbatar masa. Haka nan idan su biyu suka harbi juna kusan lokaci ɗaya, saƙon na kusa da sabar ne ke fara isa. Kowannensu ya ga gaskiya a allonsa, amma gaskiyar sabar ce ake rubutawa.

Mu a nan an samu ci gaba sosai. A 2002 wayar SAT-3 ta fara aiki, kuma ita kaɗai muka dogara da ita shekaru, har MainOne da Glo-1 suka iso a 2010, Equiano ta Google kuma ta sauka Legas a 2022. Wanda ya tuna yadda intanet ta yi rauni a tsakiyar Maris 2024, lokacin da wayoyi da dama suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, ya san yadda komai namu ya rataya a kansu. Abin da ya rage shi ne sabobin kansu, waɗanda yawancinsu ke Turai ko Gabas ta Tsakiya. Microsoft ta buɗe cibiyoyin ajiyar bayanai a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta biyo baya a 2020, amma daga arewacin Najeriya Afirka ta Kudu ba lalle ta fi Turai kusa ba, domin ya danganta da hanyar da kamfanin layinka ke bi da saƙon.

Shawarata kafin ka kashe kuɗi ita ce kada yawan megabait da ake tallatawa ya ruɗe ka. Wasan kansa ba ya cin data mai yawa, sauke shi da sabunta shi ne ke ci. Abin da kake buƙata shi ne ping mai ƙanƙanta kuma mai tsayawa wuri ɗaya, domin layin da ke tsaye a 120 ya fi wanda ke tsalle tsakanin 80 da 300 daɗin wasa. Ka ari layukan kamfanoni biyu ko uku ka gwada su a cikin shagon, musamman tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare lokacin da kowa ke kan waya. Idan ka zaɓa, ka haɗa na'urorinka da rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ta waya maimakon ta iska, kuma kada ka bari wani ya riƙa sauke fim a kan layin ana tsakiyar wasa.

Malamar Sakandare ta rubuta:

Na ƙaru da duk bayanan nan, kuma ina so in tsaya a kan dayamon ɗin da Malam ya ambata, domin ɗalibaina na aji huɗu da biyar su ne irin yaran da ke zama a bencinsa. Sayen riga da kuɗinka ka san abin da ka saya abu ne daban. Abin da ke damuna shi ne akwatin sa'a da juya ƙafar sa'a, inda yaro zai biya kuɗi bai san abin da zai fito ba, idan bai samu abin da yake so ba ya sake biya. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a 2018 ta ce caca ce a ƙarƙashin dokarsu, har wasu kamfanoni suka cire su a ƙasar. Mu da muka san hukuncin caca a addininmu bai kamata mu bari ta shigo wa 'ya'yanmu da sunan wasa ba tare da mun ko lura ba. Ina roƙon Malam, idan yaro ya kawo kuɗi a saya masa dayamon, ya tambaye shi abin da zai yi da shi da kuma inda ya samo kuɗin.

Ƙasashen da suka riga mu shiga harkar ma sun yi ta kokawa da batun lokaci. Koriya ta Kudu da Malama Bazazzagiya ta ba mu labari ta kafa doka a 2011 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa ta intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe, ta kuma soke ta a 2021, bayan an ga yara na shiga da shaidar iyayensu kuma wasan ya koma waya, inda dokar ba ta kai ba. Sin kuwa a Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin lalurorinta, amma ta ɗaure shi da sharuɗɗa, wato mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma a ga cutarwa a fili na tsawon kimanin shekara. Yawancin ɗalibaina ba su kai nan ba, kuma ba na goyon bayan a riƙa kiran duk yaron da ke wasa lalatacce, tunda na ga waɗanda Turancinsu ya buɗe ta wannan hanya.

Abin da nake yawan ji a bakinsu shi ne labarin Kyle Giersdorf, ɗan shekara 16 da ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a 2019. Gaskiya ne ya ci. Nakan tuna musu cewa mutum kusan miliyan 40 ne suka shiga zagayen share fagen wannan gasa, kuma yanzu da na karanta bayanin Injiniya zan ƙara musu da lissafin milisakan, in sa su yi shi da kansu a allo.

Mai Gidan Gem ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, na karɓi shawararki, daga yau ba zan ƙara tura wa yaro kuɗin dayamon ba sai na san na mene ne, kuma dama ƙa'idar shagona ita ce babu mai kayan makaranta a ciki kafin a tashi. Injiniya, na samu aron rauta guda da layuka biyu, zan gwada su daren Juma'a da na Asabar in rubuta lambar da na gani duk bayan rabin awa. Idan na kawo lambobin nan, ina roƙon ka duba mini su kafin in biya kuɗin wata.